Atam 12 da Suka Riƙe Saƙo

Masu kallo, duk hoton da ke cikin faifan ajiyar kwamfuta mai juyawa (hard disk), ƙananan maganaɗisu ne ke riƙe da shi. Wannan ya fuskanci nan, wancan ya fuskanci can: ɗaya ko sifili. A wajajen 2012, kowane ɗaya ko sifili yana cin atam, wato ƙwayar zarra, kusan miliyan guda. To, ina iyakar ƙanƙantar?

Matsalar ita ce maƙwabtaka. Kowane atam na ƙarfe ɗan maganaɗisu ne, kuma idan aka matse su wuri guda sai ƙarfin wani ya juya wani, saƙon ya lalace.

Kafin a magance wannan, sai an ga abin da ke faruwa. A 1981, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM a Switzerland suka ƙera na'urar da ta ba su kyautar Nobel a 1986. Allura ce mai tsinin da ya ƙare da atam ɗaya tak. Ana kawo ta dab da saman abu ba tare da ta taɓa shi ba, sai 'yar wutar lantarki ta tsallaka tsakaninsu. Idan tsinin yana da maganaɗisu, ƙarfin wutar kan sauya gwargwadon inda atam ɗin ya fuskanta. Da allurar kuma ake jan atam ɗaya bayan ɗaya a jera su.

A 2012, masu binciken IBM a Kalifoniya suka jera atam 12 na ƙarfe, layi biyu, shida-shida. Ku lura da dabarar, domin tana da kyau ƙwarai: kowane atam ya fuskanci akasin inda maƙwabcinsa ya fuskanta, kamar yara sun kwanta kai da ƙafa a tabarma ɗaya. Ƙarfinsu ya kashe juna, don haka ba ya fita waje ya dami jerin da ke kusa. Saƙo ya zauna. A 2017 ma aka ajiye shi a atam ɗaya na holmiyam, wani nau'in ƙarfe.

Sai dai zafi kan rikita komai. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne cikin sanyin da ya kusa digiri 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Shi ya sa masana sinadarai ke gina molekul, wato dunƙulen atam da suka haɗu, mai riƙe maganaɗisunsa da kansa. A 2018 aka samu na disfirosiyam, shi ma wani nau'in ƙarfe, da ya jure har digiri 193 ƙasa da sifili, sanyin da ruwan nitirojin mai araha ke iya samarwa, ba sai an nemi ruwan hiliyam mai tsada ba.