Matasan Da Ke Karɓe Teburin Pul Daga Hannun Manya

Jama'a, assalamu alaikum. Bari mu fara daga birnin Kaohsiung na ƙasar Taiwan, a shekarar 2005. Wasan ƙarshe ne na gasar duniya ta pul, nau'in ƙwallo tara, kuma wanda ya riga kaiwa 17 shi ne zakara. Kuo Po-cheng yana da 16, zagaye ɗaya tak ya rage masa ya ɗaga kofi. Abokin karawarsa yana da 12, kuma yaro ne ɗan shekara 16, sunansa Wu Chia-ching. Duk wanda ya kalli allon maki a lokacin zai ce magana ta ƙare. Yaron nan ya miƙe ya ci zagaye 5 a jere, aka tashi 17 da 16. Har gobe babu wanda ya ci wannan kofi yana da ƙarancin shekaru irin nasa.

A wancan lokaci abin mamaki ne. Yanzu kuwa, in ka buɗe jerin waɗanda suka kai matakin ƙarshe a kowace babbar gasa, da wuya ka rasa ɗan shekara 19 ko 20 a ciki. Su waye waɗannan yara, kuma me suka iya da ya sa manya ke shakkarsu? Shi za mu duba yau.

[A nuna teburin unguwa, yara sun kewaye shi]

Amma kafin nan, mu gyara wani suna. Teburin nan da ke bakin titi a unguwanninmu, wanda muke cewa sunuka, yawancinsa pul ake bugawa a kai. Sunuka ta asali teburinta ƙafa 12 ne, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6. Wanda muka saba da shi, na masu zane da marasa zane da baƙar ƙwallo a ƙarshe, shi ne pul na ƙwallo takwas. Manyan gasannin da za mu yi magana a kansu kuwa, galibi ƙwallo tara ake yi, a kan teburi mai tsawon ƙafa 9.

Dokarsa ba ta da yawa. Ana jera ƙwallaye daga lamba 1 zuwa 9. Dole farar ƙwallo ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba da ta rage a teburi. Wanda ya jefa lamba 9 a rami bisa ƙa'ida, shi ya ci zagayen, ko da abokin karawarsa ne ya jefa sauran takwas ɗin. A nan zafin wasan yake. Kana iya wahala tun daga 1 har 8, hannunka ya ɗan girgiza a kan 9, wani ya taso daga kujera ya girbe abin da ka shuka.

[A matso da kyamara kan farar ƙwallo]

Yanzu ina so ku yi mini wani abu guda. A bugun da za a nuna, kada ku bi ƙwallon da ke tafiya rami da ido. Farar za ku kalla. Ga ɗan wasan ya goga alli a bakin sanda, ya kwantar da haɓarsa har tana taɓa itacen, ya saita bakin sandar ƙasa da tsakiyar farar ƙwallo kaɗan. Ya buga. Ta taɓa lamba 4, sai ta tsaya cak kamar an taka mata burki, sannan ta dawo da baya, ta daki robar gefe, ta gangara ta tsaya daidai inda lamba 5 ke kallon rami. Da ya buge ta a sama, gaba za ta bi. Da ya buge ta a gefe, kwanar da za ta yi bayan ta daki roba daban ce. Kafin ya sunkuya kan 4, ya riga ya san inda zai tsaya don 5, kuma ya zaɓi wajen ne saboda 6.

Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane matashi da shi. Jefa ƙwallo a rami, kowane yaro mai kaifin ido ya iya. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro a wani teburi da aka dafa ƙafarsa ɗaya da kwali don kada ya karkata, ƙyallen ya yage a gefe, sandar ma bakinta ya cinye. Yaron sai ya yi ɗage yake kaiwa tsakiyar teburi, amma yana jefa ƙwallaye masu wuya ɗaya bayan ɗaya, ana ta tafi. Abin da na lura shi ne, duk bugunsa mai wuya ne, domin farar ƙwallo inda ta ga dama take zuwa. Gwanin gaske in yana wasa sai ka ga kamar abin banza ne, kowane bugu a sauƙaƙe, domin shi ya shirya wa kansa sauƙin tun bugu uku da suka wuce.

To, cikin 'yan wannan zamani, wanda ya fi nuna haka shi ne Fedor Gorst. An haife shi a Mosko a shekarar 2000. Ya ci gasar duniya ta matasa a 2017, sannan a ƙarshen 2019, a Doha ta ƙasar Katar, ya doke Chang Jung-lin na Taiwan da 13 da 11 ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 19. Bayan an fara yaƙin Rasha da Yukren a 2022, aka dakatar da 'yan wasan Rasha daga gasanni da dama, yaron da ke kan ganiyarsa ya wayi gari ƙofofi a rufe. Ya koma Amurka da zama, ya ci gaba da buga duk gasar da ta karɓe shi. Akwai Kofin Mosconi, wanda ake yi duk shekara tun 1994 tsakanin Turai da Amurka, mutum biyar-biyar. Gorst ya buga wa Turai a 2020, ya buga wa Amurka a 2023.

Sai shekarar 2024, da aka kai gasar duniya Jiddah, aka zuba kuɗin kyauta dala miliyan 1, zakara ya tafi da dala 250,000. A wasan ƙarshe Gorst ya haɗu da Eklent Kaçi na Albaniya, wanda shi ma a lokacin shekararsa 24, kuma ya riga ya ci gasar duniya ta ƙwallo goma sau biyu, a 2021 da 2023. Aka yi ta ja-in-ja har 14 da 14. Ku yi tunanin wannan: awanni ana fafatawa, sannan a ce zagaye ɗaya ne zai raba. Gorst ya ci. A shekarar kuma ya haɗa da World Pool Masters da US Open, manyan kofuna uku a hannun mutum ɗaya. Abin da ke burge ni a wasansa shi ne yadda ba ya canza tafiya. Yadda zai zagaya teburi yana kan gaba da 8, haka zai zagaya shi ana kunnen doki.

Shekara guda kafin nasarar Gorst ta farko, a Dohar dai, Joshua Filler na Jamus ne ya ci, yana da shekara 21. Shi salonsa daban, sauri gare shi kamar ana korarsa, kuma ba ya ɓoye murnarsa. Waɗannan biyun yanzu sun zama yayye. Ƙannensu ne ke tasowa, kuma in ka duba da kyau, daga makaranta biyu suke fitowa.

Makarantar farko ta Turai ce. Can yaro yana shiga kulob, a ba shi mai horarwa, ya buga gasar 'yan ƙasa da shekara 17, ya wuce ta 'yan ƙasa da 19, ya shiga jerin gasannin Euro Tour inda zai zauna kusa da zakarun duniya. A kan wannan tsani Wiktor Zieliński na Folan ya ci gasar Euro Tour yana ɗan shekara 16, a 2017. Mickey Krause na Denmak ya ci European Open a 2024. Amma wanda na fi sa wa ido shi ne Moritz Neuhausen na Jamus, haihuwar 2003. Sau biyu yana cin gasar duniya ta matasa. A 2023 aka haɗa shi da Filler su wakilci Jamus a gasar kofin duniya ta 'yan bibbiyu a birnin Lugo na Sifaniya, suka kai har wasan ƙarshe kafin Filifin ta doke su. A irin wannan wasa karɓa-karɓa ake bugawa, ka buga ɗaya abokinka ya buga ɗaya, don haka duk inda ka ajiye farar ƙwallo, zakaran duniya ne zai gaje ta a gaban kyamara. Yaron bai ba da kunya ba. A 2025 ya ci Premier League Pool da kansa.

[A nuna ɗakin wasa a Manila]

Makaranta ta biyu tana Filifin, kuma ba ta da allo ba ta da malami. Babban gwaninsu, Efren Reyes, yana ɗan shekara 5 aka kai shi ɗakin wasan kawunsa a Manila. Tsawonsa bai kai teburi ba, sai ya hau akwatin lemo ya buga, dare ya yi ya kwana a kan teburin. Laƙabinsa Bata, ma'anarsa yaro a harshensu, kuma ya bi shi har tsufa. A 1999 ya ci gasar duniya a Cardiff, daga nan wasan ya zama abin alfaharin ƙasa. Yaran can suna koyo ne ta hanyar karawa da manya kullum, cikin zafi da hayaniya, a kan tebura masu wuyar sha'ani. Shi ya sa suka fi kowa iya fita daga tarko. In aka ɓoye musu ƙwallo a bayan wata, sai su aika fara ta daki roba biyu ko uku ta je ta same ta, sau da yawa ma su bar abokin karawa cikin tarkon da ya fi wanda ya ɗana.

Gaskiya ɗaya da ba zan tsallake ba: yawancin waɗannan karawa a kan kuɗi ake yin su, caca ce. Tana koya wa yaro taurin zuciya, amma sunan waɗanda suka tsira kawai muke ji. Wanda ya bar makaranta saboda teburi kuma bai kai ko'ina ba, babu mai ɗaukar hotonsa. Ni dai na fi son a ce gasa mai tsari ce ke renon yaro, kuma abin farin ciki, gasannin suna ƙaruwa a yankin, daga Hanoi har Manila.

Daga can Chezka Centeno ta fito, 'yar garin Zamboanga, wadda ta ci zinare a wasannin kudu maso gabashin Asiya a 2015 tana matashiya ƙwarai, sannan ta zama zakarar duniya ta mata a ƙwallo goma a 2023. Daga can kuma AJ Manas ya fito. A 2025 aka sa shi a tawagar Asiya a Kofin Reyes, gasar da aka raɗa wa sunan Efren, yana ɗan shekara 18, a gaban mutanen ƙasarsu a Manila, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar.

Wani zai ce to me ya sa yanzu? Dalili ɗaya shi ne waya. Da can sirrin wasa a ƙirjin tsofaffi yake, sai ka yi shekaru kana shan kashi kafin ka gane yadda suke murza fara. Yanzu yaro zai kalli wasan ƙarshe na duniya a YouTube, ya tsayar, ya mayar baya sau goma, ya je teburi ya gwada. Dalili na biyu shi ne yadda kamfanin Matchroom na Ingila ya tsara gasanninsa. An matse bakin rami zuwa inci 4, alhali ƙwallon kanta ta fi inci 2, kuma a manyan matakai akwai agogo, daƙiƙa 30 kowane bugu. Matsattsen rami yana son ido mai kyau da hannu miƙaƙƙe, agogo kuma ba ya jiran mai dogon nazari. Duka biyun sun yi wa matashi daɗi.

Sai dai hanyar tana da tsada. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin jirgi da masauki da na shiga gasa, in aka fitar da shi da wuri ya koma gida da asara. Yaron da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, ko ya fi kowa iyawa, ba zai ga teburin da ake nunawa a talabijin ba. Duk lokacin da na tuna yaron nan mai ɗage, wannan ne ke ci mini rai.

[A koma Jiddah, 2025]

Mu rufe da gasar duniya ta 2025, a Jiddah. Mutum huɗu suka rage. Akwai Gorst mai riƙe da kofi. Akwai Kledio Kaçi, ƙanin Eklent, da Bernie Regalario na Filifin, dukansu biyu babu wanda ya haura shekara 21. Na huɗun shi ne Carlo Biado, shi ma ɗan Filifin, mai shekara 41, wanda a ƙuruciyarsa jakar 'yan wasan golf yake ɗauka don ya samu na abinci. Gorst ya fitar da Kledio. Biado ya fitar da Regalario, yaron da ya taso yana kallon wasansa. A wasan ƙarshe Biado ya doke Gorst da 15 da 13, ya ɗaga kofin karo na biyu, shekara 8 bayan na farko.

In kun nemi wannan wasa don ku kalla, ku tuna abin da na roƙe ku ɗazu, ku bi farar ƙwallo da ido. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.