Makomar Biranen da Suka Faɗi Takarar Karɓar Baƙuncin Manyan Wasanni

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban taro, malamaina, ɗalibai da sauran mahalarta, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama.

A ranar 6 ga Yuli, 2005, a ƙasar Singafo, Kwamitin Olamfik na Duniya ya kaɗa ƙuri'ar zaɓen birnin da zai karɓi baƙuncin gasar 2012. Landan ta sami ƙuri'a 54, Paris ta sami 50. Kafin a kai ga wannan zagaye na ƙarshe an riga an fitar da Mosko da New York da Madrid, ɗaya bayan ɗaya. Duniya ta bi Landan da kallo har tsawon shekara bakwai, amma ba kasafai ake tambayar abin da ya faru da sauran birane huɗun ba, alhali kowannensu ya koma gida da kundin takara mai ɗaruruwan shafuka, da filayen da aka keɓe, da alkawuran da aka yi wa talakawa a bainar jama'a. A kan waɗannan birane nake son mu yi nazari a yau, kuma ra'ayin da zan kare shi ne cewa makomar birni bayan faɗuwa ana yanke ta ne tun kafin a kaɗa ƙuri'a, a lokacin da ake rubuta kundin takarar.

Bari in fara da abin da birni yake rasawa a zahiri. Mutane sukan ɗauka kuɗin shiga ne ko suna, amma a ganina babbar asarar ita ce wa'adi. Birnin da ya ci takara yana da ranar buɗe gasa wadda ba ta ɗaguwa, kuma wannan rana ce take tilasta wa gwamnatin tarayya da ta birni da 'yan kwangila da masu filaye su sasanta a kan abin da da sai su shekara ashirin suna gardama a kansa. Da zarar an faɗi, wannan tilas ya gushe. Kwamitin takara, wanda galibi kamfani ne na wucin gadi, yakan rushe cikin 'yan watanni, ma'aikatansa su watse, a bar kundin a hannun ma'aikatun da ba su ne suka rubuta shi ba. Saboda haka aikin da zai tsira shi ne wanda yake da masu buƙatarsa ko da gasa ko babu gasa.

Manchester ta Ingila ce ta fi nuna wannan a fili, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Sau biyu ta nemi Olamfik: ta 1996, wadda Atlanta ta samu, da ta 2000, wadda Sydney ta samu. Birni ne da masana'antunsa suka durƙushe, musamman ɓangarensa na gabas, inda tsofaffin ma'aikatu da mahaƙar kwal suka zama kufai. Shugabannin birnin sun yi amfani da takarar wajen jawo kuɗin gwamnatin tarayya zuwa wannan yanki, kuma ba su jira sakamako ba kafin su fara aiki. An buɗe zauren tseren keke a 1994, an buɗe babban zauren wasanni da taruka a 1995, duka bayan an riga an faɗi. Daga nan sai suka yi abin da nake ganin shi ne hikimar lamarin, wato suka rage buri zuwa gwargwadon ƙarfinsu, suka nemi gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2002, suka samu. Filin wasan da aka tsara domin Olamfik aka rage girmansa zuwa kujeru 38,000, kuma tun kafin a gama shi an san wanda zai gaje shi, domin a 2003 ƙungiyar Manchester City ta tare a cikinsa a matsayin 'yar haya. Shi kuwa zauren keken, ya zama mazaunin hukumar tseren keke ta Birtaniya, kuma 'yan tseren ƙasar sun ci zinare takwas a Beijing a 2008, suka sake cin takwas a Landan a 2012, mafi yawansu a nan suka yi horo. Da wuya a sami birnin da ya ci ribar faɗuwa kamar wannan.

Paris ma ta bi irin wannan hanya bayan 2005. Filin da ta ware domin ƙauyen 'yan wasa a unguwar Batignolles tsohon filin jiragen ƙasa ne, kuma birnin yana fama da ƙarancin gidaje tun kafin a yi maganar gasa. Aka ci gaba da aikin, aka gina gidaje da ofisoshi da wurin shaƙatawa mai sunan Martin Luther King, aka kuma buɗe sabon ginin kotun birnin a can a 2018. Zauren tseren keken da aka yi alkawari a kundin 2012 aka buɗe shi a 2014, kuma a cikinsa aka yi tsere sa'ad da gasar ta zo Paris a 2024. A New York kuwa, filin wasan da aka so ginawa a yammacin Manhattan ya ruguje tun wata guda kafin ƙuri'a, saboda hukumar jihar ta ƙi amincewa da kuɗinsa, amma sauyin dokar amfani da filayen yankin ya tsaya, daga shi aka sami unguwar Hudson Yards da ƙarin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2015. Ana iya gardama a kan ko talakan New York ya amfana da wannan unguwa ta masu hali, kuma gardama ce mai tushe, sai dai ba a bar filin ya zama kango ba.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Madrid ta nemi gasar 2012 da ta 2016 da ta 2020 a jere, ta faɗi duka ukun. Dabararta ita ce ta riƙa gina wuraren wasa tun kafin ƙuri'a domin ta ce wa masu zaɓe kusan komai a shirye yake. Wasu gine-ginen sun sami aiki: zauren Caja Mágica, wanda aka buɗe a 2009, shi ne mazaunin gasar tanis ta birnin, filin La Peineta kuma aka faɗaɗa shi ya zama gidan ƙungiyar Atlético Madrid a 2017. Amma cibiyar wasannin ninƙaya da aka fara ginawa a gefen wannan fili ta tsaya cak lokacin da tattalin arzikin Sifaniya ya shiga matsi, ta shekara da shekaru a matsayin ƙwarangwal na siminti, domin babu wata ƙungiya ko unguwa da take buƙatar wurin ninƙaya mai wannan girma in ba don Olamfik ba. Chicago, wadda ta nemi gasar 2016, ta faɗa irin wannan rami. Ta sayi harabar tsohon asibitin Michael Reese a kan fiye da dala miliyan 80 domin ta gina ƙauyen 'yan wasa, da lissafin cewa za ta sayar wa masu gine-gine idan ta ci. A ranar 2 ga Oktoba, 2009, a Copenhagen, duk da cewa Shugaba Barack Obama ya je da kansa ya yi jawabi, Chicago ce ta fara fita da ƙuri'a 18. Aka rushe asibitin, filin ya zauna fayau fiye da shekara goma, birnin kuma yana biyan bashinsa. Wannan shi ne sayen kifi a ruwa.

Akwai kuma masu sake tsayawa takara, kuma su ne aka fi ba da labarinsu domin labarin yana da daɗin ji. Beijing ta faɗi a hannun Sydney a 1993 da ƙuri'a 43 da 45, ta dawo ta ci gasar 2008. Pyeongchang ta Koriya ta Kudu ta rasa gasar hunturu ta 2010 da ta 2014, ta sami ta 2018. Maroko ta nemi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa sau biyar ba ta samu ba, sai yanzu da za ta karɓi ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal. Amma kada wannan ya ruɗe mu, domin naci ba ya ba da tabbaci. Detroit ta Amurka ta yi ta neman Olamfik tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce har shekarun 1960, ba ta taɓa samu ba. Istanbul ta nema sau biyar, ta gina katafaren filin Atatürk a 2002, kuma har yau babban abin da aka san filin da shi shi ne wasannin ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2005 da 2023.

Wani lokaci kuma faɗuwa takan sauya dokar takarar kanta. A shekarar 2000 Afirka ta Kudu ta rasa gasar kofin duniya ta 2006 a hannun Jamus da ƙuri'a 11 da 12, bayan da wakilin yankin Oshiniya, Charles Dempsey, ya ƙi kaɗa tasa a zagayen ƙarshe. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa hukumar FIFA ta ɗauki tsarin karɓa-karɓa tsakanin nahiyoyi, aka keɓe wa Afirka gasar 2010, Afirka ta Kudu ta doke Maroko da 14 da 10.

Sai darasi mafi muni, wanda ba na son mu tsallake shi. A 1991 birnin Salt Lake ya rasa gasar hunturu ta 1998 a hannun Nagano ta Japan da ƙuri'a 42 da 46. Abin da wasu jagororin takarar suka fahimta daga wannan kaye shi ne cewa ingancin wuraren wasa ba shi kaɗai ke kawo ƙuri'a ba, hidimar da ake yi wa masu zaɓe ma tana da tasiri. A takara ta gaba aka riƙa bai wa wasu 'yan Kwamitin Olamfik na Duniya kyaututtuka, ana biya wa 'ya'yansu kuɗin karatu, ana ɗaukar nauyin jinyar danginsu, kuma a 1995 birnin ya ci gasar 2002 tun a zagayen farko. Asiri ya tonu a ƙarshen 1998, aka kori 'yan kwamitin shida, wasu huɗu suka yi murabus, aka kuma haramta wa 'yan kwamiti ziyartar biranen da ke takara. Adalci ne in ƙara da cewa kotu ta sallami jagororin takarar biyu da aka gurfanar a 2003, amma kuɗin da aka kashe ba a musanta su ba. Birnin da ya faɗi yakan zauna ya tambayi kansa dalilin faɗuwarsa, kuma amsar da ya bai wa kansa tana iya gyara shi, tana kuma iya lalata shi.

A shekarun baya-bayan nan al'amarin ya ɗauki wani salo, domin birane sun fara janyewa da kansu kafin a kayar da su. A takarar 2024, Boston ta janye a 2015, mutanen Hamburg suka ƙi amincewa a ƙuri'ar raba-gardama a wannan shekarar, Rum ta janye a 2016, Budapest ta bi bayanta a 2017. Da ya rage Paris da Los Angeles kaɗai, kwamitin ya raba musu gasa biyu a zama ɗaya, ɗaya ta ɗauki 2024, ɗaya 2028. Shugaban kwamitin na lokacin, Thomas Bach, ya sha nuna cewa tsohon tsarin yana haifar da waɗanda suka faɗi da yawa, don haka a 2019 aka kafa wata hukuma da take tattaunawa da birane a asirce, ta fitar da guda ɗaya, a kawo shi gaban taro domin amincewa. Ta wannan hanya aka bai wa Brisbane gasar 2032 a 2021 ba tare da abokin karawa a akwati ba.

Sabon tsarin ya rage ɓarnar kuɗin kamfe, wannan gaskiya ne, amma ina da damuwa guda a kansa. A tsohon tsari, birnin da ya faɗi yana da kundi a fili wanda 'yan jarida da 'yan majalisa da mazauna unguwanni za su iya ɗauka su tambayi magajin gari ina gidajen da ya yi alkawari, kamar yadda ya faru a Batignolles. A sabon tsari kuwa, masu neman 2032 irin su Doha da yankin Rhine-Ruhr na Jamus sun wayi gari ne suka ji an zaɓi wani, ba tare da ƙuri'ar da za a ƙirga ba, kuma jama'arsu ba su da wata cikakkiyar takardar alkawari da za su riƙe shugabanninsu da ita. Ko wannan zai sa biranen da aka tsallake su ci gaba da ayyukansu kamar Manchester, ko kuwa su mance da su tun da ba wanda ya gani, sai nan gaba za a tantance, idan aka sami isassun birane da suka bi ta wannan ƙofa.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Na gode, wassalamu alaikum.