Me ke ƙona kulocin giya atomatik a motocin dizal, kuma yaya ake sake haɗa shi?

Ku sa ido kan allurori biyu da ke gaban direba: ta juyin inji da ta gudu. Mota tana giya ta biyar, tana jan tirela, ta doshi hawa. Direba ya ƙara taka totur, inji ya ɗaga murya, allurar juyin inji ta yi sama, amma allurar gudu ko motsi ba ta yi ba. Can sai giya ta kama da fizga. Wannan shi ne sulɓin kuloci, kuma duk sulɓi ɗaya yana cinye wani abu a cikin giyabos wanda ba zai dawo ba.

Eh, giya atomatik ma tana da kuloci, ba ma ɗaya ba. Kowane saiti faifai ne a jere cikin mai, mai fata a bi shi da na ƙarfe zalla, mai fata a bi shi da na ƙarfe. Babu ƙafar direba a nan. Famfo ne ke tura mai da matsi, mai ya tura fistin, fistin ya matse faifan su zama abu ɗaya. Idan ka haɗa tafin hannunka da ƙarfi ba sa zafi, amma ka sassauta ka goga su, nan take za ka ji ɗumi. Haka kuloci yake. Matsi ya ragu, sulɓi ya fara, zafi ya taso, fata ta ƙone.

Shi ya sa nake so a riƙe wannan tun yanzu: faifan da ya ƙone ba shi ne mai laifi ba, shi aka cuta. Wanda ya canza faifai bai nemo abin da ya rage matsi ba, zai sake sauke giyabos ɗin nan.

Me ya sa abin ya fi tsanani a dizal? Injin dizal yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa tun juyinsa bai kai 2,000 a minti ba. Famfon giya kuwa inji ne ke juya shi, don haka lokacin da nauyi ya fi yawa a kan kuloci, famfo bai gama zabura ba. Ku ɗauki a-kori-kurar Amurka. Injin Cummins mai lita 6.7 ya shigo motar Ram a 2007 da ƙarfin murɗa 650 a ma'aunin lb-ft, zuwa 2019 babbansa ya kai 1,000. Sannan mai mota ya je a taɓa masa kwamfutar inji a ƙara ƙarfi, a sa manyan tayoyi, giyabos kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi.

To, bincike. Kada a taɓa sifana tukuna. A fara da mai. Lafiyayyen man giya ja ne garau. Idan ya yi duhu yana ƙauri, fata ta riga ta sha wuta. Idan ya zama kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga ta wurin sanyaya mai, ruwa kuwa yana ɓamɓare fata daga jikin faifai.

Daga nan sai na'urar karanta kwamfuta. Kwamfutar giya tana kwatanta juyin shaf ɗin shiga, wato sandar da ke shigo da ƙarfin inji cikin giyabos, da na fita. Idan lissafin bai yi daidai da giyar da ta umarta ba, sai ta ajiye lamba: P0731 zuwa P0735 na giya ta ɗaya zuwa ta biyar, P0729 na ta shida. Lambar ba ta ce a canza komai ba. Ta dai nuna giyar da ke sulɓi, sauran aikin na bakanike ne.

A nan ne sanin jadawalin kuloci ke raba gwani da mai lalube. A giyabos biyun da za mu duba yanzu, kowace giya kuloci biyu ne ke riƙe ta. A giyabos ɗin Allison 1000, wanda ya fara zuwa da injin Duramax a motocin Chevrolet da GMC a 2001, kuloci biyar ne, C1 zuwa C5. C3 yana aiki a giya ta uku, ta biyar, da ribas. Mota tana sulɓi a waɗannan ukun, sauran lafiya lau? Ka san inda za ka duba tun ba ka shiga ƙarƙashinta ba. A giyabos ɗin 68RFE na Ram kuwa, kulocin obadirayif, wato na manyan giyoyi, shi ne ya yi ƙaurin suna. A giya ta huɗu yana raba nauyi da ɗan'uwansa, amma a ta biyar da ta shida shi kaɗai ke karɓar duk ƙarfin da inji ya turo. Wanda ke jan kaya mai nauyi a giya ta shida, inji na gurnani a ƙasa-ƙasa, shi yake gasawa.

68RFE yana da wata lamba mai amfani da ake kira CVI, wato yawan man da kowane kuloci ke sha kafin ya kama. Faifai na cinyewa, fistin na ƙara nisan tafiya, lambar na hawa. Lambar P0871 ma ta saba fitowa a wannan giyabos, kuma sau da yawa tana nuni ga ramin bawul da ya cinye a cikin balbodi, wato akwatin bawuloli da ke raba mai zuwa kuloci, mai yana zurarewa zuwa inda ba a aike shi ba. A haɗa gejin matsi, a kwatanta abin da kwamfuta ta nema da abin da ake samu a zahiri. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin.

Kada a manta da konbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos ta hanyar mai, don shi ma yana da nasa kulocin kulle. Idan mota tana karkarwa a matsakaicin gudu da ɗan totur, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu karkarwar ta ɗauke, konbata ne abin zargi. P0740 ko P0741 sukan biyo baya.

Yanzu a kwance kaskon ƙasa. Ɗan laushin toka-toka a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Baƙin gari mai yawa, fatar kuloci ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya, ya wuce kuloci, wani ƙarfe na cin ɗan'uwansa.

Giyabos ya hau benci. Ku dubi wannan faifan ƙarfen, ga tabo shuɗi-shuɗi a jikinsa, gefensa ya ɗan lanƙwashe. Zafi ne ya yi haka, kuma ba a mayar da irinsa. A canza duk robobin fistin da zoben riƙe mai, ko da sun yi kyau a ido. A jiƙa sababbin faifai a man giya kafin a jera su. A auna tazarar kowane saiti a kwatanta da littafin kamfani: ta yi ƙanƙanta, kuloci na goga ko ba a kira shi ba, ta yi yawa, yana jinkirin kamawa. Sannan a hura iskar kwamfuresa ta ramin kowane kuloci. Lafiyayye zai ba da ƙara guda, dim. Mai yoyo sai huci.

Batun ƙarin ƙarfi kuma, a nan ake yawan ɓarnar kuɗi. Ana ƙara yawan faifai a cikin ganga ɗaya ta hanyar sa sirara. Kamu na ƙaruwa, gaskiya ne, amma siririn ƙarfe ba ya ɗaukar zafi kamar kakkaura. A ganina, ga motar da aikinta jan kaya ne kullum, gyaran balbodi da ɗaga matsin mai ta kwamfutar giya sun fi cusa faifai muhimmanci. Konbata mai faifai uku yana riƙe ƙarfi sosai, sai dai fa idan ya daina sulɓi, duk nauyin ya koma kan shaf ɗin shiga. Saboda haka ake haɗa shi da shaf da aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe mai ƙwari. Ka ƙarfafa wuri ɗaya, rauni ya matsa gaba. Tambaya ta farko ga mai mota ita ce nauyin da yake ja da ƙarfin da injinsa ke bayarwa, ita za ta yanke abin da za a saya.

Na'urar sanyaya mai da bututunta a wanke su tas, idan ƙarfe ya farfashe a canza ta gaba ɗaya, don dattin da ya maƙale a ciki kai tsaye zai koma sabon giyabos. A zuba man da kamfani ya ce: ATF+4 ga 68RFE, Mercon LV ga 6R140 na Ford.

Saura kwamfuta. Har yanzu tana riƙe da lissafin tsofaffin faifan da suka cinye. A goge shi, a sa ta ta koyi sababbin, a tuƙa a hankali ta bi kowace giya sau da yawa da ɗan totur. Sai canjin giya ya daidaita, CVI ya zauna cikin iyaka, matsin da aka nema ya yi daidai da wanda aka samu, sannan a rataya tirela.