Lissafin Mura: Dalilin da Ya Sa Matsakaici Ke Yaudara

Jama'a, da zarar hunturu ya sauka a Jos, tambaya ɗaya ke yawo a WhatsApp: me ya sa infuluwenza, wato mura mai tsanani, take kwantar da mutum mako guda, alhali wanda suke kwana ɗaki ɗaya atishawa kawai ya yi? Akan ce jininsa ne mai ƙarfi, amma masana lissafi ba su gamsu da hakan ba.

Abubuwa uku suke ƙirgawa: lafiyayyun ƙwayoyin halitta na hanci da maƙogwaro, waɗanda suka kamu, da yawan bairos ɗin. A 2006, Alan Perelson na cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka da abokan aikinsa sun ɗora wannan lissafi a kan bayanan mutum 6 da aka sanya wa H1N1, wani nau'in bairos ɗin infuluwenza, da yardarsu, suka ƙiyasta cewa ƙwayar da ta kamu takan ɗauki kimanin awa 6 kafin ta fara fitar da bairos.

To, ku zuba ido kan layi mai kauri da akan zana don nuna hawa da saukar yawan bairos a jikin masu cutar, domin a nan ake tuntuɓe. Matsakaici ne, ba na kowa ba ne. A ce bairos ɗin wani ya kai ƙololuwa a rana ta 2, na wani kuma a rana ta 4. In aka haɗa aka raba, sai tudu mai faɗi ya fito wajen rana ta 3, ranar da babu ɗayansu da ya kai ƙololuwa. Tela ne ya auna mutum goma, ya ɗinka musu riga ɗaya. Shi ya sa ake barin tsarin lissafin iri ɗaya ga kowa, amma kowane mutum da nasa alƙaluman: saurin yaɗuwar bairos a jikinsa, da saurin da garkuwarsa ke share shi. Hakan kan ba da sirarun layuka, kowanne na mutum guda ne, kuma a ganina su ya kamata a riƙa nuna wa jama'a.

Wani ɓangare na bambancin tun yarinta yake, ya danganta da nau'in infuluwenzar da mutum ya fara kamuwa da shi. Binciken Katelyn Gostic da abokanta a 2016 ya nuna cewa waɗanda aka haifa kafin 1968, shekarar da infuluwenza nau'in H3N2 ta ɓulla, sun fi samun kariya daga tsananin murar tsuntsaye H5N1, wadda ta shigo gonakin kajin Najeriya a 2006, waɗanda aka haifa bayan nan kuma sun fi samun kariya daga wata murar tsuntsayen, H7N9.