Wai da inji a kunne suke kwana? Yadda masu yawon tsaunukan Turai ke ɗumama motarsu cikin hunturu

Assalamu alaikum jama'a. To wannan bidiyon dai na san da yawanku kun gani, yana ta yawo a WhatsApp da TikTok, miji da mata Turawa a cikin mota, a waje dusar ƙanƙara ta binne tayoyi, sanyi ya kai digiri goma sha wani abu ƙasa da sifili, su kuma ga su nan daga su sai 'yar riga mai gajeren hannu suna shan shayi hankali kwance. Sai mutane suka rabu gida biyu, wasu na cewa ai inji suke bari a kunne har gari ya waye, wasu kuma na cewa gas ɗin girki suke kunnawa su rufe ƙofa da taga. Duk biyun ba haka ba ne fa, kuma abin da ya sa na zauna na haɗa bayanin nan shi ne duk wanda ya kwaikwayi ɗaya cikin biyun zai iya kwanciya bai tashi ba.

Bari mu yi sauri kan su waye kuma ina suka nufa. Irin waɗannan ma'auratan suna da yawa a Turai, sai su sayi motar ɗaukar kaya, Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit, su saka mata gado da ɗan kicin, suna lura kar nauyinta ya wuce tan 3.5 don iyakar abin da lasin ɗin ƙaramar mota ya yarda kenan, daga Disamba zuwa Maris kuma sai bin sanyi, inda kowa ke gudu nan suke nufa. Ga taswira. Nan Chamonix ce a Faransa, gindin Mont Blanc mai tsayin sama da mita 4,800, garin da aka fara gasar Olamfik ta hunturu a 1924, nan ake zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ka bi ta ramin da aka fasa a ƙarƙashin dutsen, kilomita 11.6, ka ɓulla Italiya, ka gangara kwarin Aosta ka hau Cogne, inda ruwan da ke zubowa daga tsauni yake daskarewa a tsaye mutane su riƙa hawansa. Sai Kandersteg a Suwizalan. Masu dogon numfashi har Rjukan suke kaiwa a Norwe, garin da rana ba ta sauka a cikinsa kusan rabin shekara saboda tsaunuka sun tare ta, har sai da suka kafa manyan madubai a kan dutse a 2013 don su riƙa harbo hasken zuwa dandalin garin. To me ya sa mota ba otal ba? Na ɗaya kuɗi ne, otal a lokacin nan tsada kamar me, na biyu kuma ita ƙanƙara ba ta da alƙawari, wannan makon ta yi kyau a Cogne, mako mai zuwa iska mai ɗumi ta zo ta narkar da ita, sai ka tada mota ka bi ta inda ta koma.

Yauwa, yanzu mun zo wurin. Ku duba ƙarƙashin kujerar nan. Wannan 'yar akwatin ita ce hita mai aiki da dizal, Webasto da Eberspächer na Jamus su ne tsofaffin hannu a harkar, yanzu kuma 'yan China masu arha sun cika kasuwa. Babu ruwanta da injin motar, injin a kashe yake, makulli ma na aljihu. Abin da ya haɗa su kawai tankin mai ne, an ja siririn tiyo daga tankin, akwai ɗan famfo da ke turo man ɗigo-ɗigo, wannan tik tik tik ɗin da kuke ji a bayan sautin shi ne.

Ku natsu a nan don nan ne kowa ke ɓacewa. Iska biyu ce ke bi ta cikin na'urar nan, kuma ba sa haɗuwa ko kaɗan. Ta farko, wadda na sa wa jan layi, daga waje take zuwa, ta ƙarƙashin motar, ta shiga wani ɗakin ƙarfe rufaffe, fulogi ya yi ja ya kunna dizal ɗin, wuta ta ci a ciki, hayaƙin ya fita ta wani bututun daban, 'yar salansa, ya koma ƙarƙashin motar can waje. Shi kenan tafiyarta, daga waje ta zo waje ta koma, ba ta taɓa shiga inda mutane suke ba. Ta biyu, mai shuɗin layi, ita ce iskar cikin motar, fanka na jan ta, ta bi ta bayan jikin ƙarfen nan da ya ɗau zafi, ta kwashi ɗumin, ta fito ta wannan bakin zuwa ƙafafunsu. Zafi ne kaɗai ke ratsa ƙarfen. Kamar dai ka jingina da bangon tandar gidan burodi ta waje, ɗumin na isowa bayanka amma hayaƙin ta bututun sama yake fita.

Mai da shi baya kaɗan a sake gani. Ja daga waje zuwa waje. Shuɗi daga ciki zuwa ciki.

Man da take sha kuwa abin dariya ne, ƙaramar mai kilowat 2 tsakanin lita 0.12 ne zuwa 0.24 a awa, wato dare guda lita ɗaya zuwa biyu da ɗan wani abu. In da inji za su bari a kunne sai ya sha fiye da haka nesa ba kusa ba, ga kuma doka, a Jamus da Suwizalan barin inji yana aiki mota na tsaye babu dalili laifi ne ana tara, uwa uba in dusar ƙanƙara ta taru cikin dare ta toshe bakin salansa hayaƙin ba shi da inda zai bi sai ƙarƙashin motar, daga nan ya sulalo ciki.

Shi kuma hayaƙin da ake tsoro ba wannan baƙin mai sa tari ba ne, shi ai da sauƙi, zai tashe ka. Kabon monoksaid ake tsoro, ba shi da launi ba shi da wari, duk wutar da ke ci inda iska ba ta wadata ba tana fitar da shi, in ya shiga jiki yana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sama da sau 200, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ga mai barci kuma babu ma wanda zai ji waɗannan. Mu nan ba baƙon abu ba ne wallahi, kowace shekara in muku-mukun sanyi ya shigo sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi suka rufe ƙofa, ko iyalin da suka shigar da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi, da safe aka fasa ƙofa. Iska ɗaya ce. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana cewa wai Turawan nan gas suke kunnawa su kwana, wani yaron mota da ke kwana a tasha zai iya ɗauka gaskiya ne.

Gas ɗin girki ma yana da wata matsalar bayan wannan, ruwa yake haifarwa. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin tururin da ya kai wajen kilo ɗaya da rabi na ruwa, ka haɗa da numfashin mutum biyu da jiƙaƙƙun kayan da suka dawo da su daga dutse, duk ya je ya kwanta a jikin ƙarfen motar mai sanyi. Ga shi nan, wannan farin da ke jikin gilashi ta ciki yake ba ta waje ba. In rana ta fito ya narke ya ɗiga kan bargo, bayan wata biyu fumfuna da tsatsa. Iskar hitar dizal busasshiya ce, ita ce ke busar musu da safar hannu da takalma da igiya, don jiƙaƙƙiyar igiya in ta kwana da danshi gobe a kan dutse sandarewa za ta yi. Kuma ku lura da tagar rufin can, a ɗan buɗe take duk sanyin nan, da gangan ne.

To nan hotunana sun ƙare, sai ku yi haƙuri da zanen da na yi da hannu, na san ba kyau.

Ita ma hitar ba wai ta gama tsarkaka ba ne. Bututunta na hayaƙi a ƙasa yake, dusar ƙanƙara na iya binne shi, shi ya sa za ka ga maigidan ya fita da shebur da tocila tsakar dare yana haƙa gefen mota, ba motsa jiki yake ba. In ƙarfen ciki ya tsufa ya tsage ko an haɗa bututun da ganganci, iskar nan biyu da muka ce ba sa haɗuwa sai su haɗu, don haka kowace mota mai hankali akwai 'yar na'urar da ke ihu in ta ji kabon monoksaid, ga ta can kusa da gado. Ni ra'ayina, 'yar China mai arha ba ita ce matsala ba, wanda ya ɗaura ta shi ne abin dubawa. Sai tsayi, da zarar an haura wajen mita 1,500 iska ta yi ƙaranci, in ba a daidaita na'urar ta rage mai ba sai ta cika da kunkunniya ta mutu, kuma ba ta tashi mutuwa sai ƙarfe ukun dare. Shi kansa dizal yana kauri in sanyi ya yi yawa, ya toshe tiyo, shi ya sa gidajen mai a can ke sayar da na hunturu, a Jamus wanda zai jure har digiri 20 ƙasa da sifili, wanda ya cika tanki a bakin teku a Sifen ya hau dutse da shi ya sayi wahala da kuɗinsa. Ga batir, fanka da famfo da fulogi duk wuta suke ci, sola kuma a watan Janairu ba ta wani abin kirki, rana gajeriya ga dusa ta rufe allon, yawanci sai an yi tuƙi batir ke cika, irin na litiyam ɗin da suke sakawa kuma ba a cajinsa in ya yi sanyi ƙasa da sifili, to shi ma sai an ajiye shi inda ɗumi ke kaiwa. Kuma ba a kashe hitar ta hanyar cire waya, dole a bar fanka ta gama huce ƙarfen da kanta.

Sauran mu bi su da gudu. Gas ɗin shayi nau'in da ake kira furofen suke saya, don ɗaya nau'in, butan, daina fitowa yake in an kai sifili. Tankin ruwa a cikin mota yake ba a ƙasa ba. Tayoyin hunturu ko sarƙar da ake ɗaura wa taya dole ne a yankunan tsaunin Faransa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, Suwizalan kuma sai ka sayi sitika ta faran 40, kuɗinsu na can, kafin ka hau babbar hanya. Da asuba kafin komai sai an duba rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara, mataki 1 zuwa 5, kowa ya rataya na'urar da za a gano shi da ita in ta binne shi, ga shebur ga sandar lalube a jaka.

Sai hawan. Gatari biyu a hannu, haƙoran ƙarfe a takalmi, ɗaya na hawa ɗaya na riƙe igiya a ƙasa, yau mijin gobe matar. Wannan abin da take murɗawa cikin ƙanƙarar ƙusa ce mai rami a ciki, tsayinta daga santimita 10 zuwa 22, a nan ake maƙala igiya. In za su sauko sai su huda ramuka biyu su haɗe a ciki, su zura igiya, su rataya rayuwarsu a jikin ruwan da ya daskare, dabarar wani ɗan Tarayyar Sobiyet ce Vitaly Abalakov. Ni dai daga nan ƙasa ma ƙafata rawa take.

Masu tambayar wanka kuma, eh suna yi, amma ba a motar ba galibi. Yawancin garuruwan nan akwai wurin ninƙaya na gwamnati mai ruwan zafi, sai su biya kuɗin shiga, wani ma ko leƙa kwamin ruwan ba ya yi, banɗakin kawai ya zo nema.