Wane Gem Ne Ya Fi? Maganar Sabon Inji da Tsohon Faifai

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke sahun gaba, da ku samarin da kuka cika bayan ɗakin nan, sannunku da zuwa. Na ga Baba yana kallona, wai da furfurata zan tsaya lacca kan gem. A yi mini afuwa, Baba. Abin da yaro zai shekara yana tara wa kuɗi ai ya isa a zauna a kansa.

Shekaranjiya da daddare na leƙa wani gidan gem a Yelwa, nan Bauchi. Talabijin uku, benci biyu, janareto na ta kuka a waje. Yara biyu sun kaure da musu har jijiyar wuya ta tashi, ɗaya PlayStation, ɗaya Xbox. Mai gidan ko kallonsu bai yi ba, yana ta naɗe wayar abin buga gem da salatif. Da na tambaye shi nasa ra'ayin, sai ya nuna mini wata tsohuwar PS2, wato PlayStation 2, a ƙarƙashin tebur, duk ta sha ƙura, ya ce da ita ya haɗa lefe.

To, a wannan musun akwai tambayar da yaran ba su yi ba: idan ka sayi sabon inji, zai ci tsofaffin faifanka?

PS2 ta fito a 2000, kuma tana cin faifan PS1. An sayar da ita sama da miliyan 150, har yau ba injin gem da ya kamo ta. Da PS3 ta zo a 2006, na farkon fitowa Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ta dasa musu kayan cikin PS2 ɗungurungum, inji biyu a kwali ɗaya. Abin ya yi tsada, sai suka cire a na baya. Shi ya sa in ka je Wunti neman PS3 na hannu, ka ƙirga ramukan USB. Mai kauri mai huɗu ita ce ke cin faifan PS2, mai biyu ba ta ci, kada mai shago ya cika ka da daɗin baki. PS4 kuwa, ta 2013, ko kallon faifan PS3 ba ta yi, domin an canza ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya, daga wadda ake kira Cell zuwa ta kamfanin AMD, irin ta kwamfuta. Kamar ka kawo wa Bahaushe wasiƙa da Sinanci ne. PS5 ta 2020 ta zauna kan AMD ɗin, don haka take cin kusan duk wasannin PS4.

Microsoft, masu Xbox, wata hanya suka bi. A 2015 suka sa wa Xbox One manhaja mai kwaikwayon tsohon injinsu Xbox 360, aka riƙa ƙara wasanni har suka haura 600. A takarda su ne gaba, ban musa ba. Amma ga inda gizo ke saƙa: ko ka saka tsohon faifan, injin sai ya sauke wasan daga intanet, faifan shaida ce kawai cewa naka ne. Wanda ke Landan bai damu ba. Kai da ke sayen data giga biyu-biyu a Fadamar Mada, ka san abin da nake nufi.

Nintendo ba zan daɗe a kansu ba, ba su cika yawa a nan ba. Wii ta ci faifan GameCube, Switch ta 2017 ta yanke da na baya, Switch 2 ta 2025 ta dawo tana cin yawancin na Switch.

Wani zai ce: Malam, wa ke buga tsohon wasa? A gidan gem da gaskiyarsa. Can ƙwallo ake yi, kowa na son 'yan wasan bana, ko da FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, PES ta koma eFootball. Amma a gida lissafin daban ne. Mu ba ma sayen inji ranar da ya fito, sai ya shekara uku ko huɗu ya iso mana na hannu. Faifai a wurinmu kadara ce: ka gama, ka ba abokinka aro, ka yi musaya, ranar da aljihu ya bushe ka sayar ka sha mai. Wasan da ka saya ta intanet yana maƙale a asusunka, ba ka da ikon kai shi kasuwa.

Don haka ni, in ƙanina ya tambaye ni, kafin sunan kamfani ramin faifai nake dubawa. Xbox Series S ba ta da shi sam, akwai kuma PS5 da ake sayarwa babu shi. Sun fi araha, amma mai faifan PS4 goma a kwaba da ya sayi marar rami ya mayar da su madubi. In kana da irin wannan tarin, PS5 mai rami ce taka. In ba ka da ko ɗaya kuma kuɗin bai kai ba, PS4 na hannu ba abin kunya ba ce, mai gyaranta ma ya fi sauƙin samu a garin nan.

Na ga hannu can baya tun ɗazu. Kai mai jar riga, daga ganin fuskarka ɗan Xbox ne. A miƙa masa makirfon.