Kudirin hana tsatsa: ba maganar launin fenti ba ce

Tun da labarin kudirin nan ya fara yawo, ana ta tambaya: wai har fenti sai an yi masa doka? Kudirin na Amurka ne, an gabatar da shi a majalisar dokokinsu a 2023. Yana so gadojin da kuɗin tarayya ya shiga aikinsu su kasance da tsarin kare ƙarfe daga tsatsa, kuma kada a ba kowa aikin sai ɗan kwangila mai shaidar ƙwarewa da ma'aikata masu horo. Shi ke nan a taƙaice.

[Hoto: dogarin gada, fenti na ɓarewa]

Ku dubi nan. Irin wannan kun sha gani a gadojin kogin Kubanni a Zariya da tankunan ruwan cikin gari. Fentin bai yi laifi ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya ci amana.

Sabon ƙarfe yana fitowa daga masana'anta da wani baƙin ɓawo a jikinsa. Idan aka shafa fenti a kai, damina ɗaya ko biyu ɓawon zai ɗago, ya tafi da fentin. Buroshin waya ba ya cire shi, sheƙi kawai yake ƙara masa. Sai an wanke mai da giris, sannan a yi feshi da ƙwayoyin ƙarfe da iska mai ƙarfi har jikin ya koma fari-fari, matakin tsafta da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 8501-1 ta kira Sa 2½. Feshin yana barin kaushi, mai zurfin wajen maikron 50 zuwa 75 (maikron dubu ne milimita ɗaya), wanda fenti zai kama. Don Allah ban da yashin rafi, ƙurarsa tana lalata huhu.

[Hoto: hannu na shafa ƙarfen da aka yi wa feshi]

To, daga nan agogo ya fara bugawa. Yawanci cikin awa 4 ake so shafin farko ya hau. Zafin ƙarfen ya ɗara matakin saukar raɓa da digiri 3, danshin iska kada ya wuce kashi 85. Da sassafe a watan Agusta a Zariya, da wuya ka samu haka. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe, amma ƙura tana sauka kan ƙarfe kafin mai fenti ya gama shan shayi, dole a sake hure ta.

Sauran mai sauƙi ne: shafi mai tutiya, sai fentin efoksi, sai fentin foliyuretan a sama, a auna kaurin kowanne da mita, wato na'urar auna kaurin fenti.

[Hoto: injiniya na dangwala mita]

A ganina, in za mu yi irin wannan doka a Najeriya, sashe ɗaya ya fi komai: kada a buɗe gwangwanin fenti sai injiniya ya duba ƙarfen tsirara ya sa hannu. Da zarar fenti ya rufe, mita za ta faɗi kaurinsa, amma ba za ta nuna tsatsar da aka binne ba.